Lallen Inna a Gwangwanin Madara

A Malanbil na fara gane cewa na bar gida. Lokacin da muka tsallaka gadar kan iyaka ban ko ɗaga kai na ga kogin ba, idona na kan gwangwanin da ke bisa cinyata. Sai da muka sauka a tasha don sauya mota, na ji mata masu tallar ruwa suna kira da harshen da ban taɓa ji ba, sannan na tabbata.

Kayana biyu ne. Akwai jaka, wadda ke ɗauke da tufafina da zannuwan Inna da aka ba ni bayan rasuwarta. Sai gwangwanin madara cike da ƙasa, da ɗan reshen lalle a ciki. Daga lallen tsakar gidanmu na Maradi na yanko shi, na kafa, ya yi saiwa har ya fitar da ganye. Inna ce ta dasa uwar lallen. Daga garinsu, Jugu, ta zo da shi sa'ad da aka kawo ta amarya. Gidan namu na haya ne, kuma mai gidan ya riga ya ce siminti zai zuba a tsakar gidan da zarar mun tashi. Baba direban babbar mota ne, kullum yana kan hanyar Kwatano, shi ya sa aka ce in koma wurin ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, a Paraku, in ci gaba da lakol, wato makarantar boko, a can.

Tun daga Dosso wata mata ke zaune kusa da ni. Ta ba ni dabino, ta gyara mini hijabi, ba ta kira ni da komai ba sai 'yata. Da aka kira azahar a tashar sai ta ce, "Je ki yi sallarki, 'yata, bar jakar in riƙe miki. Gwangwanin ma ajiye shi, wa zai ɗauki ƙasa?"

Na bar jakar, amma na tafi da gwangwanin. Ba don na zarge ta ba. Inna ba ta taɓa yin alwala a wani wuri ba sai a gindin lallenta. A Maradi ruwa ba abin zubarwa ba ne. Takan tsuguna da butarta, ruwan fuskarta da na hannayenta ya gangara cikin ƙasar, lallen ya sha. Da haka ya rayu har ya fi ni tsawo. Ni ma tun da na kafa nawa haka nake yi.

Da na dawo babu matar, babu jakar.

Direban da Baba ya danƙa ni a hannunsa ya zagaya tashar yana faɗa, yana rantsuwa. Mutane suka taru. Wani ya ce ya ga ta hau babur, wani ya ce ai ya san irinsu. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne idanun da suka kewaye ni. Ban yi kuka ba, na dai ƙanƙame gwangwanin. Wani tsoho mai sayar da lemo ya ɓare guda ya sa mini a hannu, ya koma kan teburinsa.

Daga nan muka yi ta gangarawa kudu. Itatuwa suka riƙa ƙara tsawo, ciyawa ta kai kafaɗar mutum. Na ga gonaki cike da tulin ƙasa jere-jere, ƙanana, kamar kaburburan yara, har na kawar da kai. Daga baya na san gonakin doya ne.

Gidan Gwaggo yana unguwar Zongo, bayan wani masallaci mai koren fenti. Shinkafa da wake take sayarwa a ƙofar gida. Da ta ji labarin jakar ta tafa hannu ta ce, "Innalillahi! Kin bari an tafi da atamfofin uwarki, kin rungumo mini gwangwani? Saude, anya kanki ɗaya?" Ta yi faɗan ta gama, sannan ta buɗe akwatinta ta ciro mini zani biyu. Ba muguwa ba ce, hayaniya ce da ita. 'Yarta Fati, wadda ta ɗan girme ni, tun daga ranar ta raɗa mini suna Madam Gwangwani, sunan kuwa ya bi ni har lakol.

Hausa ake yi a Zongo, amma ba irin tamu ba. Sukan fara magana da Hausa, su bi ta Dendi, su ƙare da Faransanci. In na buɗe baki sai yara su kwaikwayi muryata su yi ta dariya. Dama ni ba mai magana ba ce. A Maradi kowa cewa yake na ɗauko shirun uwata. A Paraku sai shirun ya ƙaru, har wani yini yakan wuce ban ce komai ba ban da gaisuwa.

Da damina na iso, kuma ban taɓa sanin ana ruwa haka ba. Ba ya zuwa da guguwa da tsawa ya wuce irin namu, zama yake yi. Bangon ɗaki ya yi kore daga ƙasa. Wanki ya kwana a igiya bai bushe ba, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a cikin roba. Katantanwa na hawa ƙofar banɗaki. Kowane abu yana warin jiƙa, har matashin kaina.

Na samar wa gwangwanin wuri a bayan madafa, gindin bango, inda ba a cika wucewa ba. Nan nake zuwa da butata duk salla. In na tsuguna, hayaniyar masu sayen abinci takan yi nisa. Ruwan ya sauka daga fuskata zuwa cikin gwangwanin, in shafa ganyen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A duk Paraku wurin nan kaɗai ne nake jin ba baƙuwa ba ce ni.

Sai ganyen ya fara yin rawaya.

A gidanmu in ganye ya yi rawaya, ƙishirwa ce. Don haka na ƙara masa ruwa. In na gama alwala sai in juye masa sauran butar. Da safe kafin in tafi lakol in ba shi, in na dawo in ba shi. Ganyen ƙasa suka zube, na sama suka langaɓe. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da Fati za ta ce.

Gwaggo takan aike mu unguwar Titiru sayo alayyafo da albasa mai lawashi wurin wani mai lambu, Malam Idi, mutumin Konni. Lambun nasa a bakin wani ƙaramin rafi yake, kunya-kunya, latas a nan, karas a can, ga gwanda ta yi layi a gefe. Wata Asabar Fati ta ce ciwon kai take yi, aka aike ni ni kaɗai. Na sa gwangwanin a cikin kwando, na rufe da buhu.

Sai da ya gama ɗaure mini ganyen sannan na iya cewa, "Baba, don Allah ka duba mini wani abu."

Ya juyo da sauri. "Kai! Wannan bakin na Maradi ne. 'Yar wa ce ke?"

Na gaya masa. Ya karɓi gwangwanin, ya juya gindinsa, ya ga babu huda ko ɗaya. Ban huda shi ba tun farko don kada ya jiƙa wa mutane kaya a mota. Ya karkata shi, wani baƙin ruwa ya tsiyayo. Ya ja reshen a hankali, sai ga shi ya fito babu wata gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari.

"Sau nawa kike ba shi ruwa?"

"Duk salla."

Ya fashe da dariya, har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Da ya dubi fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce da maƙwabcin ya koma bakin aikinsa.

"Wa ya koya miki haka?"

"Innata. A gindinsa take alwala."

"Tana ina?"

Na sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙanta," in ji shi. Ya jima yana juya reshen a hannunsa. "'Yata, abin da uwarki ta yi daidai ne, a can. Nan ƙasar a ƙoshe take. Ni ma shekarar da na zo sai da na kashe albasa kunya guda da irin ban-ruwan Konni. Lalle ba ya son ƙafarsa a ruwa."

Ya yanke kan reshen inda yake da sauran kore, ya soka a yashi a gefen rumfarsa, ya ce mu ga abin da Allah zai yi. Duk zuwan da na yi, can nake fara dubawa. Bai kama ba. Ya bushe ya zama tsinke. Ranar da na tabbatar, Malam Idi ya ƙara mini gwanda a cikin kwando, ya ce in ci a hanya. Ban ci ba. Ina tafe ina tunanin cewa ɓarauniyar Malanbil ta bar mini abu ɗaya, ni kuma na kashe shi da hannuna, kuma da abin da Inna ta koya mini na kashe shi.

Daga nan na koma yin alwala a bakin magudana kamar kowa.

Saura wuri ɗaya a duniya da lallen nan yake, in har yana nan: gidan su Inna a Jugu. Ban taɓa zuwa ba. Iyayenta sun rasu tun ina goye, ita ma ba ta koma ba. Abin da na sani kaɗan ne, rijiya a tsakar gida, lalle a gefenta, da kaka mai fataucin goro. Da Baba ya biyo ta Paraku da lodin kaya, ya tsaya cin abinci, na roƙe shi ya kai ni. Ya kalli kwanon gabansa, ya ce, "Ba kan hanyata take ba, Saude. Wata rana." Gwaggo ta ce daga madafa, "Mutanen da ta'aziyya ma ta waya suka yi? Me za ki je ki ɗauko?"

A lakol darasin zane kaɗai nake so, don ba a tambayar mutum ya yi magana. Malamar, Madam Rozin, doguwa ce, Kirista, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ko me ta ce a zana, kwano ne ko kujera, in na gama sai in ƙara ɗan reshe a kusurwar takardar, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna. Wata rana ta tsayar da ni bayan an tashi.

"Ma fille, 'yata, wannan ganye, kullum kullum. Mene ne?"

Ban san yadda aka yi ba, na gaya mata. Rabi da Faransanci, rabi da Hausa, idona a kan takalminta. Sai ta ce ajinmu zai fita yawon zane lokacin mangwaro, zuwa wasu duwatsu da ke gaba da Jugu, kuma a Jugu mota take tsayawa in ana dawowa.

Ranar fitar 'yan ajinmu suka cika motar da waƙa da kiɗan kujera. Ni ina can baya, jikin taga. Muka wuce gonakin kashu, mata sun sunkuya suna tsintar 'ya'yan a ƙasa. Muka wuce kaɗanya da ɗorawa, da Fulani da fararen shanunsu, da 'yan mata masu ɗaga wagashi, cukun nan ja, suna bin mota da gudu. A kan duwatsun akwai wani tsohon ƙauye mai ɗakuna zagayayyu, gajeru, da jinkar ciyawa. Aka ce kowa ya zaɓi abin da zai zana. Na zauna a inuwar wani dutse na zana wata tsohuwa tana shanya barkono. Iskar wurin tana da daɗi, ana hango ƙasa har inda ido ya gaji. Amma hankalina ba ya wurin. Ko abincina ban buɗe ba.

Da la'asar muka shigo Jugu. Aka ce masu salla su yi, masu cin abinci su ci. Madam ta bar ajin a hannun wani malami da muka zo tare, ta kama hannuna, ta tare mai babur, muka nufi Zongon garin.

Mutum na farko da muka tambaya wani dattijo ne a zaune gaban kwandon goro, yana yayyafa masa ruwa. Na ce ina neman gidan wani Alhaji mai fataucin goro.

Ya yi dariya har haƙoransa jajaye suka fito. "Yarinya, a unguwar nan kowa kakansa mai goro ne. Har akuyar can, in kin bincika. Ba ki da wani abin?"

Sunan uwa ba abin kamawa ba ne a baki, ban taɓa faɗinsa a gaban mutane ba. Na daure na ce, "Habiba. Wadda aka kai Nijar, ta auri direba."

Bai sani ba. Amma wata mata da ke sayar da wasa-wasa, dambun garin doya, a gefensa ta ajiye ludayinta. "Habi? Habi mai baki? Ta gidan Madugu?"

Na ce a'a, ba ita ba ce, Innata ba ta da magana.

"Doguwa, da wushirya, da tabon ƙuna a nan?" Ta nuna bayan hannunta na hagu.

Na gyaɗa kai.

"To ai ita ce. Tare muka yi makarantar allo. Wallahi ko malam tsoron bakinta yake." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Mun ji rasuwar. Allah ya yi mata rahama. Ku bi lungun nan, ƙofa mai shuɗin ƙarfe."

Gidan babba ne, amma an yanyanka shi ɗaki-ɗaki an ba 'yan haya. Rediyo na tashi a nan, yaro na kuka a can. An rufe rijiyar da tsohon kwano, an ɗora taya a kai. A gefenta kuwa ga shi nan.

Ban gane shi da farko ba. Ya wuce rufin ɗaki, gindinsa ya yi kauri ya karkace, rassansa sun cakuɗe. An shanya wandunan yara a jikinsa, an ɗaure akuya a gindinsa, ledoji sun maƙale a ƙayoyinsa. Ƙasar wurin a bushe take ƙaƙas, da gani ba wanda ya taɓa tunanin ba shi ruwa. Amma yana cikin fure, ƙananan furanni farare, kuma ƙanshin ne ya fara isowa gare ni. Ƙanshin tsakar gidanmu ne da yamma. Na tsaya cak, na kasa gaba na kasa baya.

Aka kai mu wurin wata tsohuwa a ɗakin ƙurya, Hajiya Lami, gwaggon Inna. Idonta ya yi hazo, ƙafafunta sun kumbura. Da aka gaya mata ko ni wace ce, ta ce in matso. Ta shafa goshina, da hancina, da haɓata. Hannunta na warin man kaɗe.

"Haɓar ta uwar ce," in ji ta. "Sauran na uban ne. Yi magana in ji."

Na gaishe ta.

"Ƙara ɗaga murya, ni ba aljana ba ce. Anya ke 'yar Habi ce? Habi da in ta yi dariya a bakin rijiyar nan ana ji a masallaci?" Ta ja numfashi. "Kun ce ba mu zo ta'aziyya ba, ko? Na sani. Dubi ƙafafun nan. Yayanta yana Kumasi, sauran duk suna ƙasa. Wa zan aika?"

Na ce mata saboda lallen na zo. Na ba ta labarin na Maradi, da gwangwanin, da yadda ya mutu.

Ta ɗaga hannu. "Tsaya. Habi ta dasa shi?"

"Ta dasa, Hajiya."

"Ya kama?"

"Ya fi ni tsawo. A gindinsa take alwala."

Tsohuwar ta ce, "Ba abin da yarinyar nan ta tsana kamar itacen nan. Ita ake sa wa tsinkar ganye in za a yi biki, ƙaya ta soke ta, ta yi ta zage-zage. Ta sha cewa ranar da ta samu gatari sai ta kwantar da shi. Ranar da za a tafi da ita, uwarta ta yanko reshe ta cusa mata a kaya. Tana kuka tana cewa a cire, ita ba ta rasa ƙaya ba." Ta goge ido da bakin mayafinta. "Ashe ta dasa."

Ban taɓa tunanin Inna baƙuwa ce a Maradi ba. Ni a can na buɗe ido na gan ta, na ɗauka ta can ce, kamar bangon gidan. Sai a ɗakin nan na tuna yadda takan yi shiru in maƙwabta suna hira, da yadda wasu kalmomin nata suke fita daban, mata su kalli juna. Ashe ita ma an kwaikwayi muryarta.

Wayar Madam ta yi ƙara. Mota na jira. Ta fita waje, na ji tana cewa da Faransanci su ƙara haƙuri.

"Ba ni labarinta," in ji Hajiya. "Mu yarinya muka sani. Ta yi jiki? Ta iya tuwon gero kuwa? Wa take hira da shi?"

Na fara a hankali. Na gaya mata Inna ba ta yi jiki ba, ta iya tuwon amma ba ta so, takan sayi doya ko ta yi tsada ta dafa mana ranar Juma'a. Na gaya mata yadda take waƙa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe, da harshen da ba ta koya mini ba. Na rera abin da na riƙe. Hajiya ta karɓa daga inda na tsaya, da muryarta mai rawa, ta kai shi ƙarshe. Ban taɓa sanin waƙar tana da ƙarshe ba. Tun da na zo ƙasar nan ban yi magana mai tsawon ta ranar ba.

Ta sa aka fito da ita ƙofar ɗaki, ta lalubo wata 'yar wuƙa a ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini. "Je ki yanka. Ba ɗanye shar ba, wanda ya fara tauri. Kaurin yatsanki."

Na kutsa tsakanin wandunan da akuyar. Ina cikin yanka na biyu ƙaya ta shige mini a tafin hannu, na yi ƙara ban sani ba.

Hajiya ta ƙyalƙyale da dariya. "Yawwa, yanzu na ji Habi! Saura zagin."

Aka naɗe mini rassan a cikin tsumma. Da na durƙusa yi mata sallama ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban zata tana da shi ba.

"In waɗannan ma sun mutu, ki dawo ki yanki wasu. Kin ga dai ba ya ƙarewa. Amma kada ki daɗe, ni ba lalle ba ce."

Da muka koma mota kowa ya gaji da jira, direba na ta tsaki. Na wuce kujerata ta baya da rassan a ƙirjina, hannuna na zugi. Wata yarinya da ke gabana, wadda ba mu taɓa magana ba, ta juyo ta ce, "Ke Madam Gwangwani, duk wannan jiran saboda itace? A ina kika samo?"

Na ce, "A gidanmu."